Yadda ake yanke farashin kaya a ƙaramin shago ba tare da an cinye uwar kuɗi ba

Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da shagon tireda a wata unguwa cikin Kano, kuma yara uku sun tashi a hannuna, kowa ya buɗe nasa. Ranar da kowannensu ya ɗauko sarinsa na farko daga Kasuwar Singa, tambayar da ya zo mini da ita iri ɗaya ce: "Maigida, nawa zan sa?" Yawancin masu farawa suna leƙa shagon maƙwabci ne su kwafi farashinsa, ko su ɗora ɗari biyu a kan abin da suka biya, su ce riba ce. Bayan wata shida sai ka ga kanta ta fara yin fili, mutum yana rantsuwa bai ci kuɗin shago ba, kuma da gaske bai ci ba. Farashin ne ya cinye su a hankali.

Abin da ka miƙa wa ɗan sari wani yanki ne kawai na abin da kaya suka tsaya maka. Aikin duka shi ne nemo sauran. Alƙaluman da zan kawo a nan na misali ne don lissafi ya fito sarari, kai sai ka sa naka na yau a gurbinsu.

Kayan da za ka tanada

Littafi biyu masu bangon kwali. Ɗaya na sari, inda za ka rubuta duk abin da ya shigo da abin da aka kashe wajen shigo da shi. Ɗaya na cinikin yini da bashi. Kada ka haɗa su a littafi guda, za su cakuɗe maka.

Kalkuleta. Ta cikin waya ma ta isa, amma ƙaramar ta kan teburi ta fi, domin waya takan mutu, kuma kira yakan shigo kana tsakiyar lissafi.

Sikeli da mudu guda ɗaya wanda ba ka canzawa. Idan ba ka da sikeli tukuna, ara na mai nama ko na mai kaji na awa ɗaya a ranar da ka buɗe sabon buhu.

Rasit na kowane sari. Wanda bai ba ka ba, rubuta da hannunka a gabansa kafin ɗan dako ya ɗaga kayan.

Maka da guntayen kwali na rubuta farashi, da lambar wayar ƴan sari biyu ko uku waɗanda za su gaya maka gaskiyar kasuwa idan ka kira da safe.

Ke da kike sana'a a cikin gida, ƙullin omo ne ko man gyaɗa ko atamfa, duk matakan nan naki ne. Bambancin kawai ba ki biyan hayar shago, amma kina biyan yaron da ke sayo miki kaya, kuma wannan ma kuɗi ne da za a rubuta.

Mataki na 1: Gano nawa kaya suka tsaya maka a bakin shago

A ce ka shiga Singa ka yi sarin N400,000. Ɗan dako ya fito maka da kaya bakin titi, N2,000. Ƴar ƙurƙura ta kai su unguwa, N5,000. Kai kanka ka hau adaidaita sahu zuwa da dawowa, ka sha ruwa, banki ya cire nasa a taransifa, a ce N1,000. Jimla N8,000. Raba 8,000 da 400,000, za ka samu kashi 2 cikin 100. Ma'ana duk abin da ka saya N100, a N102 ya iso shagonka.

Katan ɗin taliya mai guda 20 da ka saya N18,000 ya koma N18,360 ke nan, kowace ɗaya N918. Wannan 918 ita za ka rubuta a littafin sari, ba 900 ba.

Akwai gyara guda a nan. Idan lodin ya haɗa kaya masu nauyi marasa tsada, kamar gishiri ko ruwan leda, da marasa nauyi masu tsada, kamar madarar gari, kada ka raba kuɗin mota daidai wa daida. Gishiri ne ya cika motar, shi ya kamata ya ɗauki kaso mafi yawa. Ni nakan raba kuɗin mota bisa yawan buhu da katan, sauran ƙananan kuɗaɗen kuma bisa darajar kaya.

Mataki na 2: Auna da hannunka

Wannan mataki shi ne inda na ga mutane sun fi yin asara ba su sani ba, don haka zan ɗan tsaya a kansa.

Ɗan sari zai ce maka buhun sukari kwano 20 ne. Wataƙila haka ne idan an shafe bakin kwanon. Amma kai da tozo kake aunawa, kana yi wa tsohuwa gyara, wani yana zuba a ƙasa, wani yana maƙalewa a kusurwar buhu. Shimfiɗa tabarma mai tsabta, ka juye buhun, ka auna shi duka yadda kake auna wa mai saye, da tozonsa da komai. A ce ka samu kwano 19.

Buhun ya tsaya maka N80,000. Idan ka raba da 20, kwano ya kama N4,000, sai ka sa N4,200 kana murnar ribar N200 a kowane kwano. Amma kwano 19 sau 4,200 N79,800 ne. Ka sayar da buhu guda, ka sha ɗawainiyar awo, ka ba da ledarka kyauta, sannan ka faɗi da N200. Ainihin kuɗin kwano ɗaya N4,210 ne, daga nan lissafin riba yake farawa.

Haka za ka yi wa jarkar man gyaɗa, ka ƙirga kwalba nawa take bayarwa bayan abin da ke bin mazurari. Haka kiret ɗin ƙwai, ka cire wanda yakan fashe a hanya. Idan ƙulle-ƙulle kake yi na N100 da N200, ƙulla kwano ɗaya gaba ɗaya ka ƙirga ƙulli nawa ya fito, ka haɗa da kuɗin farar leda. Sau da yawa ƙulli ya fi awon kwano riba, amma sai ka ƙirga za ka tabbatar.

Gargaɗi: idan awo ya nuna maka riba ba ta fita, farashi za ka gyara. Kada ka bubbuge gindin mudu ko ka rage tozo a ɓoye. Sura guda Allah Ya saukar da sunan masu tauye awo, kuma matan unguwa suna sake auna abin da yaro ya kawo musu a gida. Rana ɗaya za su gane, kuma ba za su zo su gaya maka ba, za su daina aiko yaran ne kawai.

Mataki na 3: Lissafa abin da shago ke ci a wata

Ko an yi ciniki ko ba a yi ba, shago yana cin kuɗi. Zauna ka rubuta su duka:

Haya, N240,000 a shekara, wato N20,000 a wata. Yaron shago da abincinsa, N25,000. Wuta da man janareta, N15,000. Leda, N6,000. Maigadi, masu kwashe shara da harajin ƙaramar hukuma, N4,000. Albashinka, N50,000. Jimla N120,000.

Na san wannan na ƙarshen zai ba wasu mamaki. Yanka wa kanka albashi dole ne. Wanda bai yanka ba, kullum hannunsa na cikin durowa, yau kuɗin cefane, gobe gudummawar biki, jibi an aiko daga gida a ba da taliya biyu da gwangwanin tumatir. Duk abin da ya fita zuwa gidanka, rubuta shi a farashin sayarwa ka cire daga albashin nan. Ranar da ya ƙare, ya ƙare.

Yanzu duba littafin ciniki. A ce kana sayar da kayan N1,500,000 a wata. Raba 120,000 da 1,500,000, ya ba ka kashi 8 cikin 100. Duk N100 da ta shiga durowa, N8 ta riga ta zama ta mai gida da mai wuta da yaro.

Idan sabon shago ne ba ka da cinikin wata a rubuce, rubuta na sati biyu ka ninka, kuma ka ɗauki adadin da ya fi ƙanƙanta. Bayan wata uku sai ka sake lissafin da alƙaluman gaske.

Mataki na 4: Ɗora riba ta hanyar da ta dace

Ga kuskuren da har tsofaffin ƴan kasuwa ke yi. Ka sayi abu N800 ka sayar N1,000. A kan kuɗin saye, ribarka kashi 25 ce. A cikin kuɗin da ya shiga durowa kuwa kashi 20 ce. Dukansu gaskiya ne, amma kuɗin haya da na wuta daga kuɗin durowa muka lissafa su, saboda haka riba ma daga nan za a lissafa ta.

Shago na cin kashi 8. Ware kashi 1 na kayan da ɓera zai ɓata, da wanda zai lalace, da canjin da za a yi kuskure. Kana son kashi 4 ya zama tsantsar ribar da za ta ƙara jari. Jimla kashi 13. Cire 13 daga 100, saura 87. Sai ka raba kuɗin kayan da 0.87.

Taliyarmu ta N918, idan ka raba da 0.87, ta ba ka N1,055. Wanda ya ninka 918 da kashi 13 ya ɗora a kai zai samu N1,037 ne. Tazarar N18 ba ta da yawa a ido, amma ka ninka ta da duk abin da ke fita daga shago a shekara.

Daga nan sai maganar canji. Babu mai ba ka N55 a yau, don haka ko N1,050 ko N1,100. Duba wanda kasuwa za ta ɗauka. Wata dabara ita ce ɗaya N1,100, biyu N2,100, mai saye ya ji an yi masa ragi, kai kuma ka huta da neman hamsin.

Mataki na 5: Ba kowane kaya ke ɗaukar riba iri ɗaya ba

Sukari, taliya, shinkafa, Maggi, katin waya, kowa ya san farashinsu har yaron da aka aiko. Idan ka ɗara maƙwabcinka da N50 a kansu, za a ce shagonka da tsada, kuma sunan zai bi duk sauran kayanka. A kan irin waɗannan ka haƙura da riba siririya. Man shafawa, turare, batir, reza, zaren ɗinki, abin da ake nema jefi-jefi kuma ba a riƙe farashinsa a ka, su za su cike giɓin. Kashi 13 ɗin nan matsakaici ne na shago gaba ɗaya, wani kaya zai ba da 6, wani 25.

Kuma kada yawan riba ya ruɗe ka, saurin juyawa ya fi shi. Jarin N10,000 a kayan da ke ƙarewa duk sati da ribar kashi 5 zai kawo maka N2,000 a wata. Wannan N10,000 ɗin a kayan da ke ba da kashi 30 amma sai ya yi wata uku a kanta, N1,000 yake kawowa a wata. Kayan da ya yi kwantai ya wuce wata uku, karya shi ko a kuɗin saye ne, ka kuɓutar da jarin ya koma aiki.

Mataki na 6: Sayar da farashin da za ka sake sayowa

Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, sannan aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni, duk mai shago ya koyi wannan darasi ko yana so ko ba ya so. Ni kaina na yi watanni littafina yana nuna riba, amma duk zuwa Singa sai in dawo da katan ƙasa da na wancan zuwan. Wata rana da daddare na tsaya ina kallon kantar da a da nake jera katan goma sha biyu, na ƙirga bakwai. A ranar na gane inda matsalar take.

Ka sayi katan N18,000, ka sayar da guda 20 a N1,050, ka tara N21,000. Ka koma kasuwa ka tarar katan ya zama N21,000. A littafi ka ci N3,000. A zahiri katan ɗaya ka bayar, katan ɗaya ka karɓo, kuma dako da haya da wuta duk daga uwar kuɗi suka fita.

Don haka kafin ka buɗe shago, musamman ranar Litinin, kira ɗan sarinka ka ji yadda kasuwa ta kwana. Idan kaya ya tashi, gyara farashin abin da ke kanta bisa sabon sari. Idan tashin ya yi yawa, raba shi biyu, rabi yau rabi bayan kwana uku, kuma ka gaya wa mutane gaskiya cewa sari ne ya hau.

Amma igiyar nan baki biyu gare ta. Ranar da kaya ya sauka, kamar yadda hatsi ya yi a 2025, dole ka sauko ko da tsohon kayanka a tsada ka saye shi. Wanda ke saurin hawa amma ya ƙi sauka, unguwa tana lura da shi. Kuma gyara farashi daban, ɓoye kaya daban. Kulle abinci a sito ana nema don a jira ya yi tsada, wannan shi ne abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu mai yin sa sai mai laifi.

Mataki na 7: Leƙa maƙwabta, sannan ka rubuta farashi a fili

Sai yanzu ne lokacin duba abin da wasu ke sayarwa, bayan ka san naka lissafin. Idan maƙwabci yana sayarwa ƙasa da abin da kaya suka tsaya maka, ɗayan uku ne: ya fi ka samun sari mai sauƙi, ko tsohon kaya yake da shi, ko yana faɗuwa bai sani ba. Na farkon ne kawai ya shafe ka. Bincika inda yake saye, ko ku haɗa kuɗi ku uku ku ɗauki katan hamsin a farashin dila, ku raba kuɗin mota.

Haɗa kai wajen saye halal ne kuma dabara ce. Haɗa baki a tsayar wa unguwa farashi ɗaya kuwa dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta hana. Dokar nan kuma tana son a bayyana farashin kaya ga mai saye. Rubuta a kwali ka liƙa. Yana rage musu, kuma yana hana yaron shago ɗora nasa a kai idan ka tafi masallaci.

Kayan da ake tayawa, kamar takalmi ko atamfa, rubuta musu farashi biyu: wanda za a faɗa, da wanda ƙasa da shi sai a ce albarka. Na biyun ka rubuta shi a cikin kwalin da alamar da kai da yaronka kawai kuka sani.

Mataki na 8: Bashi

Bashi hanji ne, ba za ka yi tireda a unguwa ka ce ba ka bayarwa ba. Sa masa iyaka: jimlar abin da ke waje kada ya wuce ribar wata ɗaya, kuma wanda bai biya na baya ba kada a ƙara masa. Idan za ka sa wa kayan bashi farashi daban da na hannu, ku yanke shi tun a wurin ciniki, kowa ya sani. Ƙara wa mutum kuɗi daga baya saboda ya yi jinkiri, wannan riba ce irin wadda aka haramta, kada ka kusance ta.

Mataki na 9: Kayan da doka ta sa wa ido

Akwai kuɗin da ba ya fitowa a rasit, shi ne hatsarin a zo a kwashe kayan ko a rufe shagon. A kan abinci, abin sha da man shafawa, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa tun a wurin sari. Madarar da saura wata biyu ta lalace, ko an karya maka ita, lissafa ko za ta ƙare kafin lokacin. In ba za ta ƙare ba, arahar ba ta da amfani.

Misalin da ya fi nuna wannan a yanzu shi ne sigarin laturoni, ɗan abin nan mai kama da maka ko ƙaramar fitila, mai batir a ciki, da ake zuƙa yana fitar da tururi mai ƙamshin mangwaro ko kankana ko na'ana'a. Wani matashi ya taɓa shigo mini da jaka cike da su, kala-kala kamar alewa. Ya ce in ɗauka a N6,000 in sayar N10,000, kuma ba sa kwana. A shagon da ake fama da ribar N50 a kan taliya, wannan magana tana shiga kunne. Na ce ya ba ni kwana biyu, na zauna da kalkuleta.

Ga abin da mai son shiga wannan harka ya kamata ya sani. Kaya ne da dokarsa ke canzawa da sauri a duniya, kuma kusan kullum wajen tsanantawa take tafiya. Indiya ta haramta shi gaba ɗaya a 2019. Amurka ta mayar da shekarun saye 21 a Disambar 2019. Ostareliya, daga Yulin 2024, ta hana sayar da shi a ko'ina sai kantin magani. A Birtaniya ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba, sinadarin nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, wato kashi 2 cikin 100, tankin kada ya wuce mililita 2, kwalbar ƙari kada ta wuce mililita 10. Sannan daga 1 ga Yunin 2025 aka haramta irin wanda ake zuƙa a yar idan ya ƙare. Masu shagunan can da suka cika kanta da shi, dole suka karyar kafin ranar, abin da ya rage kuma ya zama ba ya sayuwa. An kuma tsara sabon haraji na fam 2.20 a kan kowace mililita 10 daga Oktoban 2026, wanda kai tsaye zai hau kan farashi. Waɗanda matashin nan ya kawo mini irin na yarwa ne, kuma a jikin kwalin an rubuta kashi 5, ninki biyu da rabi na abin da Birtaniya ta yarda da shi.

A gida Najeriya, dokar taƙaita taba ta 2015 da ƙa'idojinta na 2019 sun hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba, sun hana tallata ta, sun hana sayar da sigari kara-kara. A Kano gwamnati ta sanar da haramta shisha a 2021. Wasu daga cikin na'urorin nan kuma ana ɗura musu man tabar wiwi, kuma daga waje ba za ka bambance ba. Idan aka samu irin wannan a kantarka, maganar ta bar hannun jami'an lafiya ta koma ta NDLEA.

Yanzu lissafi. Guda 50 a N6,000 jarin N300,000 ne. Idan duk sun fita a N10,000, ribar N200,000. Amma cire waɗanda za a dawo maka da su don batir ya mutu ko ruwan ya tsiyaye, domin zafin Maris da Afrilu a shagon kwano ba ya barin batir lafiya. Sannan ka tambayi kanka: idan aka kwashe su rana ɗaya fa? Shagon da muka yi misali da shi yana tsira da kashi 4 na N1,500,000, wato N60,000 a wata. Wata biyar cur zai yi yana biyan wannan asara, ban da tara, ban da kwanakin da ƙofa za ta kasance a rufe, ban da iyayen da za su hana ƴaƴansu zuwa sayen ko da ashana ce.

Ban ɗauka ba. Lissafin kaɗai ya isa, amma akwai abin da ya fi shi nauyi a wurina. Ƙarfe biyu na rana ƴan sakandare ne ke cika bakin shagona suna sayen biskit da ruwan sanyi, na san iyayen yawancinsu, kuma nikotin abu ne mai kama mutum ya ƙi saki. Ɗanɗanon mangwaron nan su zai fara ja.

Wanda duk da haka ya ga zai yi, ga mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa. Ya je ma'aikatar lafiya ta jiharsa da sakatariyar ƙaramar hukuma ya tambayi matsayin kayan kafin ya sa ko sisi, domin abin da aka bari a wata jiha ana kamawa a wata. Ya sayi kaya a wurin wanda zai ba shi rasit mai suna da adireshi. Kada ya karɓi ruwan ƙari marar lakabi ko kwalin da aka buɗe. Ya ɗauki dokokin taba a matsayin nasa: ba yaro, ba aike, wanda fuskarsa ta nuna ƙuruciya a nemi katin shaida, ba talla a WhatsApp, ba jerawa kusa da alewa. Kada ya ajiye fiye da abin da zai ƙare a sati biyu. A wajen farashi kuma ya ware kaso mai kauri na asara, kashi 1 ɗin da muka sa wa taliya ba zai riƙe wannan ba. Idan ya yi duk wannan da gaskiya, zai ga ribar N4,000 ɗin nan ta motse sosai.

Wannan hanyar lissafi ita ce dai za ka bi a kan maganin ƙwari, man bilicin, maganin gargajiya na kwalba, fetur a jarka, da duk abin da wani zai kawo maka yana cewa ribarsa ninki ce.

Mataki na 10: Ƙidaya

Ƙarshen kowane wata, zaɓi dare ɗaya ka rufe da wuri. Ƙirga duk abin da ke kanta da sito a farashin sari na ranar, haɗa da kuɗin durowa da na banki da bashin da kake da yaƙinin za a biya, cire wanda ake bin ka. Rubuta adadin a shafin ƙarshe na littafin sari, kusa da na watan jiya. Ƙirga katan da buhu ma, ka rubuta yawansu, saboda a lokacin tsadar kaya kuɗi na iya ƙaruwa alhali kayan raguwa suke yi.

Idan adadin ya ragu, koma mataki na 2 da na 3 tukuna, can ɓarakar ta fi yawa: ko buhu ya daina ba da kwanon da ka saba, ko kuɗin wuta ya ƙaru ba ka sabunta kason ba. Wannan shafi shi zai yi maka amfani ranar fitar da zakka idan jarin ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ɗaya cikin arba'in na darajar kayan da kuɗin hannu. Idan yaro ne ke tsare maka shago, ku yi ƙidayar tare, shi yana ƙirgawa da baki kai kana rubutawa, sannan ku sauya a kanta ta biyu.